Bahago da Ƙato

Ban taɓa kiran ɗan farina da sunansa ba. Furfura ta fito masa a gemu yanzu, 'yarsa ta fari ta kusa isa aure, amma sunan nan bai taɓa fita daga bakina ba. In ina nemansa sai in ce "kai", in ina zancensa da ƙaninsa in ce "yayanka". Haka uwata ta yi da yayana, haka tata uwar ta yi a ƙasar Kano kafin su biyo hanyar hajji su zauna a Makka. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yabonsa a gaban mutane, ba a shigar masa in ana gardama. Kunya ce, kuma da ita aka rene ni. A unguwar Hindawiyya ta Makka aka haife ni, a nan na yi aure, ban taɓa taka makaranta ba, amma wannan ba a makaranta ake koyonsa ba.

Da na yaye shi uwata ta karɓe shi. Ɗakunanta na ƙasa, namu na sama, matakala ce kawai tsakaninmu. Ita ke goya shi, ita ke ba shi a baki, ita ke fita ƙofa ta gaya wa maƙwabta ya zo na ɗaya a aji. Yana ce mata Sitti, irin ta yaran Makka. In ya hau sama da takardar sakamako sai in ce, "Je ka nuna wa kakarka," in juya ga tukunyata. Ina jin dariyarsu daga ƙasa, wannan ya ishe ni. Yana saurayi Allah ya karɓi tsohuwar. Aka yi zaman makoki aka watse, ba wanda ya tuna cewa mai yabonsa ce aka binne.

A garin nan abin ya fi wuya, don Larabawa akasin haka suke. Mace da sunan ɗanta na fari ake kiranta, Ummu wane, kuma alfahari take yi da shi. Maƙwabciyata takan leƙo ta taga ta ƙwala mini kira da sunansa, in amsa, tunda ba daga bakina ya fito ba. Shi kuwa cikin yaran nan ya tashi, yana ganin uwayensu na sumbatar goshinsu a bakin makaranta. Ya san al'adarmu, an gaya masa, amma sanin kunne ne kawai.

Maza biyu Allah ya ba ni, da mata a tsakaninsu waɗanda aure ya kai Jidda da Ɗa'ifa. Babban an tura shi karatu Amurka. Ya dawo ya tarar da mahaifinsu cikin ciwon ajali, ya yi jinyarsa, ya binne shi, ya yi aure ya zauna da matarsa a ƙasa, a ɗakunan kakarsa. Ya samu aiki a wani kamfanin bas a unguwar Kudai, shi ke tsara wace mota za ta tashi da wanda zai ja ta. Kullum da safe ina jin ƙarar ƙofarsa, kullum da la'asar ina jin takunsa a matakala. In gas ya ƙare shi ke hawo da sabuwar tukunya a kafaɗa. Maganin hawan jinina bai taɓa yankewa ba, kuma ban taɓa buɗe baki na ce ya kusa ƙarewa ba. Da kansa yake duba kwalin.

Auta kuwa ɗan mausim ne, wato lokacin hajji yake aikinsa. Yakan karɓi kwangilar dafa wa alhazai abinci a Arfa, ya tara masu dahuwa, ya ɓace mana makonni, ya dawo ya yi baƙi wuluk, murya a dishe, hannu a buɗe. Sai ya cika gidan da kaya. Sauran shekarar kuma barci ne da zaman shayi da abokai. Wata shekarar kwangilar ba ta faɗo masa, sai yayansa ya riƙe shi shiru, ba wanda zai ji.

Abin da babban ya dawo da shi daga Amurka, ban da takardar karatu, wani wasa ne wai shi besbol. Ba wanda ya san shi a unguwarmu. Lokacin da suke yinsa a can yakan zo mana daidai da bayan sallar asuba, don haka in sun dawo daga masallaci sai su hau falona, talabijin ɗina ya fi girma, su baje tamis da ful, wato burodi da dafaffen wake, ni ina kicin ina haɗa shayi. Haka Auta ya kamu.

Ga yadda na gane wasan. Mutum ɗaya na jifa da 'yar ƙwallo mai tauri, wani na tsaye da sanda kamar ƙaramar taɓarya yana jira ya make ta. In ya same ta sai ya yar da sandar ya ruga tasha ta farko. Tashoshin a zagaye suke, wanda ya zagaye su ya dawo inda ya tashi ya ci wa mutanensa. In ya kai duka ya kuskure sau uku, sai ya koma ya zauna. In kuwa ya make ta ta haura katanga ta faɗa cikin 'yan kallo, sai ya zagaya a hankali abinsa, shi da duk wanda ke tsaye a tasha, kowa ya dawo gida. Babban ne ya kira su tasha don Auta ya gane. Mutumin bas ne, komai a wurinsa tasha ne.

Cikin masu sandar nan akwai biyu da suka raba mini gida. Sunayensu ba sa zama a bakina, sai na raɗa musu nawa, har yaran ma suka ɗauka. Ɗaya siriri ne, da hagu yake duka, na ce masa Bahago. Ba ya dukan nesa. Zai ɗan tura ƙwallon inda ba kowa, ya ruga tasha ta farko, gobe ma haka, jibi ma haka, shekara da shekaru. Shi ne gwanin babban. Ɗayan wuyansa kamar na sa, na ce masa Ƙato. Sau da yawa iska yake duka ya koma ya zauna yana huci, amma ranar da ya samu, ƙwallon sai dai a neme ta cikin jama'a. Shi ne na Auta.

Su biyun duka sun daɗe da ajiye sanda, amma gardamar ba ta mutu ba. Sai ma ta koma cikin waya, inda aka jera duk abin da kowannensu ya yi tun daga ranar farko har ta ƙarshe. Lambobi ne kamar tururuwa, ni ban san ko ɗaya ba. Kunne dai nake da shi. Rabi Larabci rabi Hausa suke yi, bakinsu cike da tamis.

"Yaya, don Allah wa zai biya kuɗin kallo don ya ga mutum ya ɗan taɓa ƙwallo ya ruga kamar ɓarawon takalmi?"

"Wanda yake so a ci wasa. Duba nan sau nawa naka ya kai duka ya samu iska. Fanka ce wannan, da mun saye shi mun rataya wa Ummi a ɗaki."

"Iskar tasa ma tsoronta ake ji. Ka taɓa ganin mai jifa ya ji tsoron Bahago? Nawa kuwa da gangan suke jefa masa a karkace, su ce tafi tasha kyauta, mun yafe."

"Filin garinsu ƙarami ne, katangar ga ta nan kusa. Kai ma da za ka haura ta."

"To naka in ya kai tasha ta farko ya tsaya kamar fasinja, wa ke dawo da shi gida? Ba sai irin Ƙato ba?"

"Shekara nawa Ƙaton ya yi? Gwiwa ta cinye shi da sauran ƙuruciyarsa. Nawa har furfura ya yi yana fitowa."

"Don bai taɓa ɗaga abu mai nauyi ba ne."

Sai dariya, sai "Ummi, shayi ya huce!" Ni da ke kicin na daɗe da gane cewa ba mutanen cikin talabijin kaɗai ake aunawa ba. Amma tunda da dariya ake yi, na bar su. Kuma in gaskiya ake so, tun farko na san wanda zan ɗauka. Na ciyar da gida, na san abin da ke riƙe tukunya a kan wuta. Ba wanda ya tambaye ni, shi ya sa aka zauna lafiya.

Sai wata Juma'a bayan hajji. Auta ya samu mausim mai kyau, ya sayo mini sabon firji da na'urar sanyaya ɗaki, har maƙwabta na shigowa kallo. Na yi tuwo da miyar kuka, aka gayyato surukin babban, wato mahaifin matarsa, da ƙanin surukin. Suna falo sun gama ci, na kawo shayi zan ajiye a bakin ƙofa in juya, ashe gardamar ta tashi, ana yi wa baƙi bayani.

Auta ya ce, "Ummi, tsaya ki raba mu. Shekara nawa kina jin mu. Bar zancen lambobi. Mutum biyu ne, ɗaya kullum sai ya kawo ɗan kaɗan, ɗaya sai an jima amma in ya kawo sai an kira maƙwabta. Wa za ki ɗauka?"

Na ce ban san wasa ba. Ya ce wallahi sai na faɗa. Baƙi na murmushi suna kallona. Babban ma ya ɗago kai. Da safiyar nan ya hawo da tukunyar gas, tsatsarta ta bar masa zane a kafaɗar farar rigarsa, bai ma sani ba. Ina kallon zanen. A gaban surukinsa, ni da na haife shi da fari, in buɗe baki in ce nasa ya fi? Da uwata na da rai da ta rufe fuska.

Na ce, "Na Auta."

Auta ya yi tsalle kamar yaro. Surukin ya gyaɗa kai ya ce, "Hajiya ta san ya kamata." Tsohon ya gane, irin renonmu ɗaya. Babban ya yi dariya ya ce, "Halas, shi ke nan, alƙali ya yanke." Ya shanye shayinsa, ya raka baƙi har bakin titi.

Daga ranar ya daina hawowa kallon wasa. Auta ya kira shi sau da dama, ya ce aiki ya yi yawa. Gas bai yanke ba, magani bai yanke ba. Zai hawo da la'asar ya durƙusa ya gaishe ni, ya duba kwali, ya sauka. Ban ji wata kalma marar daɗi daga bakinsa ba. Falon dai ya yi shiru, Auta ma ya koma barcin safe, don wasan ba ya daɗi mutum ɗaya.

Watanni suka wuce. Wata hantsi ina tsince shinkafa matarsa ta hawo ta zauna kusa da ni, ta jawo tiren tana taya ni. Yarinya ce mai hankali, ba ta da yawan magana, shi ya sa da na ga bakinta na motsi na san da abu.

"Umma, kamfani ya ba shi canjin wurin aiki. Dammam. Bai sa hannu ba tukuna."

"Allah ya zaɓa mafi alheri."

"Umma, ba addu'a na zo nema ba. Ya ce in ya tafi ba abin da zai ragu a gidan nan sai takun matakala. Ya ce da bakinki kika faɗa, a gaban babana."

"Me na faɗa? Zancen ƙwallo?"

"Kin san ba ƙwallo ba ce."

"Mahaifinki ya gane abin da na yi."

"Ya gane. Na yi masa bayani, babana ma ya kira shi ya yi masa. Ya ce ya ji. Ya ce tun yana yaro ake fassara masa uwarsa, ya gaji da tafinta." Ta ajiye tiren. "In kika ce ya zauna zai zauna. Amma daga bakinki, Umma. Ni ba na son tafiyar nan, yaran ma ba sa so."

Na ce ta tashi ta duba girkinta. Da ta sauka na zauna da shinkafar a cinya har aka kira azahar.

Dammam can ƙarshen ƙasa ne, bakin wani tekun. Wanda ya tafi can sai salla sai hutu. Ni kuwa ban taɓa kwana a gidan nan ba tare da sanin cewa yana ƙasa ba, in ban da shekarun karatunsa, kuma su ma na san ranar ƙarewarsu na zuwa. Ina son ya zauna. Wannan ban ɓoye wa kaina ba.

Na gwada. Wata la'asar na sauko matakalar ina dafa bango, na tsaya a ƙofarsu, ina jin muryarsa yana koya wa ƙaramar 'yarsa karatu. Na yi sallama, ya fito da sauri yana cewa, "Ummi, lafiya? Me ya sauko da ke?" Na dube shi, na dubi ƙasa. Abin da ya fito daga bakina shi ne gishirina ya ƙare. Ya shiga ya ɗebo, ya riƙe hannuna ya mayar da ni sama.

Sai na yi tunanin wata hanya. Ta ƙofar da maganar ta shiga, ta nan zan fito da ita. In ba zan iya yabonsa ba, ai zan iya yabon Bahago. Bahago ba ɗana ba ne.

Na kira matar babban na ce kullum in ya tafi aiki ta hawo da wayarta. Ta buɗe jerin lambobin nan tana karanta mini, ina tambaya tana dubawa. Ita ma ba ta san wasan ba, muka yi ta lalube kamar makafi biyu. Wannan layin na mene ne? Sau nawa ya tsaya da sanda. Wannan fa? Sau nawa ya samu. Na wa ya fi yawa? Na Bahago, da nisa. Wannan kuma? Haura katanga, na Ƙato ya ninka nasa ya sake ninkawa. Lambobin ba su zauna mini ba, amma na riƙe wa ya fi wa a kowane layi, kamar yadda nake riƙe ma'aunin girkin biki ba tare da an rubuta mini ba. Abu ɗaya ya ba ni mamaki. Ashe a wasan nan kowa kuskurensa ya fi samunsa yawa, har gwanayen. Na sa ta maimaita mini wannan, don ban yarda ba da farko.

Na ce wa Auta, "Ranar Juma'a ka tayar da gardamar nan taku."

"Ummi, ai ya daina. Ko na tsokane shi murmushi kawai yake yi."

"Na ce ka tayar."

Juma'ar ba baƙo, mu kaɗai ne. Na yi shinkafa da kaza, suka zauna su biyu a falo, matar da yaran na ɗakina. Na kawo shayi, maimakon in ajiye in juya sai na samu gefen darduma na zauna. Ban taɓa yi ba. Dukansu suka dube ni.

Auta ya yi gyaran murya ya ce, "Yaya, jiya na ga an nuno tsohon dukan Ƙato, wanda ya fasa fitila. Bahagonka ko a mafarki."

Babban ya ce, "Haka ne," ya ci gaba da juya cokali a kofi.

Sai na fuskanci Auta na ce, "Kai, rufe mana baki. Na sa an karanta mini, na ji komai. A wasan nan kowa kuskurensa ya fi samunsa yawa, to Bahago ya fi naka rage kuskure. In aka tara duk abin da kowa ya samu tun farko har ƙarshe, naka bai kama ƙafarsa ba. Naka in ya haura katanga a yi ihu, to in ba kowa a tasha fa? Shi kaɗai zai zagaya ya dawo. Wa ke tsaye a tashar yana jiransa? Wanda ya riga ya kai kansa can. Shekarar da naka ya kwanta da gwiwa, wa ya fito? Shekarar da ta biyo baya fa, wa ya fito? An nuna mini layin, ba shekarar da aka neme shi aka rasa. Mutum ya yi ta fitowa har furfura, ba a yi masa ihu, ba a kiran maƙwabta, kai kuma ka zauna kana ce masa ɓarawon takalmi. In ni ce mai ɗaukar 'yan wasa, Bahago zan ɗauka, kuma tun ranar farko shi na ɗauka."

Auta ya saki baki. Duk maganar nan idona na kan Auta, ban ko karkata ba, amma ina jin babban ya daina juya cokali.

Sai babban ya ce a hankali, da Hausarsa mai nauyi, "Ummi, da wa kike magana?"

Ga shi nan gefena, in na miƙa hannu zan taɓa gwiwarsa. Juya kai ne kawai ya rage, da kalma ɗaya. Wuyana ya ƙi. Harshena ya yi nauyi kamar an ɗora masa dutse. Mata sun yi ta gaya mini daga baya cewa zamani ya canja, ko a Kano ma an fara bari. Na ji su. Su ba su zauna a kan dardumar nan ba.

Na ce, "Da ƙaninka."

Ya gyaɗa kai, ya daɗe yana gyaɗawa. Sannan ya yi murmushi ya ce, "Kin yi ƙoƙari, Ummi, wallahi kin yi ƙoƙari. Wanda ya koya miki ya iya. Amma Auta ne da gaskiya. Na sake dubawa kwanakin baya. In aka auna tashoshin da kowa ke samarwa duk fitowa ɗaya, Ƙato ya fi shi. Kuma har yau rigarsa yara ke sawa. Bahago sai irina ke tuna shi."

Auta ya ce, "Haba Yaya, wasa fa nake yi. Ni ban taɓa..."

"Na sani. Ka ci, halas." Ya miƙe, ya tattara kofuna ya kai kicin da kansa, ya ce a tashi lafiya, ya sauka.

Farkon mako ya sa hannu.

Lungunmu mota babba ba ta shiga, don haka ranar tafiya a ka da kafaɗa aka yi ta fitar da kaya zuwa bakin titi, masu tasi na ta matsa oda don motar kayan ta tare hanya. Auta ya fi kowa ɗauka, yana yi yana share ido da hannun riga, yana cewa zufa ce. Kafin su tashi babban ya ja shi har kantin magani ya haɗa shi da mai kantin, ya nuna masa inda ake canja gas. Ina ji yana maimaita masa a tsakar gida, "Kada ka jira ta ce. Ba za ta ce ba."

Suka hawo sallama. Matar ta rungume ni tana kuka, na ce ta yi haƙuri ta riƙe yara da salla. Jikokin na shafa kansu ɗaya bayan ɗaya, na kira kowanne da sunansa, na yi musu addu'a mai tsawo, duk wadda na sani. Shi yana tsaye a bayansu yana cewa amin. Da na gama ya sunkuya ya sumbaci kaina, irin ta 'yan Makka. Na ce, "Allah ya kiyaye hanya." Ban sauka ba. Ta taga na ga ƙeyarsa har ya sha kwana.

Auta yana ƙoƙari, ba zan ci haƙƙinsa ba. Yakan manta, ya tuna, ya ruga. Ya rage zaman shayi. Ƙasa a kulle take, ya ce a sa 'yan haya, na ce a bari tukuna. Talabijin ɗin sai labarai da sallar Harami.

Duk Juma'a bayan la'asar matar takan kira. Mu gaisa, ta ba ni yaran ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ba ni labarin makarantarsa da teku. Ina jin tarinsa a bayansu, na san yana zaune kusa. Kullum takan ce, "Umma, ga shi nan, in ba shi?" in ce, "Bar shi ya huta, ki gaishe shi."

Juma'ar da ta wuce na ce ta ba shi. Na ji wayar ta canja hannu.

"Na'am, Ummi."

Na riƙe wayar da hannu biyu. Ina jin numfashinsa, shi ma yana jin nawa.

Na ce, "An ce ruwan garin nan da gishiri."

"Da ɗan gishiri, Ummi. Na sha saye muke yi."

"To, a riƙa saye. Kada a ba yara na famfo."

"To, Ummi."

Ya jira. Na ce ya ba ni ƙaramar, ban gama jin labarinta ba.